Garin da Ba a Ƙera Mota Ba

Ran Litinin da safe Malama ta rubuta tambaya ɗaya a allo: "Da tarihi ya bi wata hanya, yaya duniya za ta kasance?"

"Kowa ya rubuto labari," in ji ta. "Ku sauya abu ɗaya tak a tarihi. Sai ku duba abin da zai biyo baya."

A ajin akwai wata yarinya da ake kira Auta. Ita dai alƙalami ba ya ba ta tsoro. Kafin a tashi ta san abin da za ta rubuta.

A garin labarinta ba a taɓa ƙera mota ba. Babu keke, babu jirgi. Daga alƙali har mai sayar da ruwa, kowa a ƙasa yake tafiya. Saboda haka babu abin da ya kai takalmi daraja. A akwatin ƙarfe ake kulle shi. Akwai kuma wata ƙungiyar ɓarayin takalma da ke zaune a ƙarƙashin tsohuwar gada. Ƙafa ba takalmi suke yawo, don kada a ji motsinsu.

Auta ta zana taswirar garin da rula. Ta sa kowace unguwa a wurinta. Sannan ta nuna wa yayanta.

"Garin ya yi kyau," in ji shi. "Amma shugaban ɓarayin nan naki ba shi da fuska. Kamar buhu aka jingine a bango."

Maganar ta ci mata rai. Washegari a ƙofar makaranta ta tsaya tana kallon Baba mai gyaran takalmi. Shekara da shekaru yana zaune a gindin bangon nan. Tabaransa ɗaure yake da zare a kunnen hagu. Kullum da ƙusa uku a leɓensa. In zai yi magana sai ya yi tari sau biyu.

Auta ta kwashe duk wannan ta ba shugaban ɓarayi.

Ranar da ta karanta labarin, kowa ya kasa kunne. Da ta zo kan tabarau mai zare, wani yaro ya ce, "Ai Baba mai takalmi ne." Aka bushe da dariya. Auta ta ji kanta ya fasu.

Kafin kwana biyu, yara sun fara tari sau biyu in sun zo wucewa ta gabansa. "Ina kwana, Sarkin Ɓarayi?" Sai su ruga. 'Yan ƙananan aji ba su ji labarin ba, sunan kawai suka ji. Suka kai gida. Iyaye biyu suka zo wurin shugaban makaranta. Shi kuma ya ce Baba ya tashi daga ƙofar kafin ƙarshen mako.

Auta ta kasa cin abincin rana. Mamanta ta lura.

"Auta, me ya faru? Yau bakin ya tafi hutu?"

Ta faɗa mata komai. "Amma Mama, ai ban rubuta sunansa ba."

"Kin rubuta fuskarsa. Suna kuma na mene ne?" Mama ta ajiye tsintsiya. "Magana zarar bunu ce. Ke kika zaro, ke za ki je."

Da safe ta sami Baba yana jera kayan aikinsa a akwati. Guduma, almakashi, zare, kowanne a gurbinsa. A hankali yake yi, kamar mai ban kwana. Ta durƙusa.

"Baba, ni na jawo maka wannan. Ka yafe mini."

Ya yi tari sau biyu. "To, jikata, karanta mini. In ji satar da na yi."

Ta karanta. Ya saurara har ƙarshe.

"Gadar ta yi kyau," ya ce. "Amma akwai kuskure. Ɓarawon takalmi ba ya tsere wa mai gyara. Kowa da yadda yake cinye dunduniyar takalminsa. Ke ta hagu kike cinyewa, ta waje, don kullum cikin sauri kike."

Auta ta ɗaga ƙafa ta duba. Haka ne kuwa.

"Shi wannan shugaban naki, me ya sa yake sata?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shi ya sa kika ari fuskata. Ba ki san shi ba."

Auta ta miƙe ta tafi wurin Malama. Malama ta ce, "Ni ma da laifina, da na bari aka yi dariyar." Suka tafi ofishin shugaban makaranta tare.

A taron safe Auta ta tsaya gaban kowa. Ta ɗaga murya. "Labarin ƙirƙira ne, ni na rubuta shi. Baba bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Ni ce na ɗauki nasa."

Shugaban makaranta ya fita da kansa. Ya ba Baba haƙuri, ya ce ya zauna a wurinsa.

Auta ta sake rubuta labarin. Sabon shugaban ɓarayin daga kanta ta fito da shi. Tsohon mai kai wasiƙa ne, dogo, mai faso a ƙafa. An kore shi daga aiki ranar da takalminsa ya ƙare, sai ya riƙe abin a zuciya har ya lalace. Wanda ya kama shi kuwa wani tsoho ne mai karanta dunduniya. Sai da ta nemi izinin Baba kafin ta sa shi.

"Sa ni," ya ce yana murmushi. "Amma ki ba ni sabon tabarau. A labari ai ba tsada."

Daga ranar Auta ta riƙe darasi. Kana iya gina gari yadda ka so a takarda. Amma mutuncin mutum na gaske ba abin aro ba ne.