Auta da Makarantar Bayan Kogi

Akwai wata yarinya da ake kira Auta, don ita ce ƙarama a gidansu. Babanta tela ne. Shagonsa yana jikin gidan, ƙarar kekensa ce take tashinta kullum da safe. Mamarta kuma tana sayar da sabulu da man shafawa a tebur a ƙofar gida.

Tun tana aji huɗu Auta take mafarkin makaranta ɗaya tak, wato makarantar kwana ta 'yan mata da ke kan tudu. Babu wanda bai san ta ba. Idan aka yi hutu, ɗalibanta suka dawo gida cikin shuɗiyar riga mai farin layi a wuya, sai yaran unguwa su tsaya suna kallo. Baba ne yake ɗinka wa wasunsu rigunan. Auta takan tsince ƙyallen da ya faɗi ƙasa, ta yafa a kafaɗa, ta tsaya gaban madubin shago har sai an kira ta.

Tana da ƙawa 'yar makwabta, wadda ake tsokana da Doguwa. Sun yi alkawari tare za su tafi makarantar tudu. Har sun raba gado tun daga gida: Doguwa a sama, Auta a ƙasa.

Da suka zo aji shida, malaminsu ya ce kowa ya zaɓi makaranta biyu. Auta ta rubuta ta tudu, ta ajiye biro. Malam ya ce sai ta cike gurbi na biyu, ya ba ta shawarar wata ƙaramar makarantar kwana da ke bayan kogi. Ta rubuta kawai don a bar ta ta huta.

Sakamako ya fito a ranar ƙarshe ta makaranta. An ɗauki Doguwa a makarantar tudu. Sunan Auta kuwa yana cikin masu jira, ita ce ta bakwai. Bayan an tashi, Malam ya kira ta ya miƙa mata ambulan.

"Makarantar bayan kogi ta ɗauke ki," ya ce. "Ki ba Babanki wannan yau ɗin nan. Mako biyu suka bayar a je a amsa."

A hanya ta nuna wa Doguwa. Doguwa ta kwashe da dariya, ta ce ta ji labari awakin wurin sun fi ɗalibai yawa. Auta ta yi dariyar yaƙe. Ta san idan Baba ya ga takardar, gobe zai tafi ya amsa. Shi ke nan, ita da tudu sai kallo.

Tana shiga ɗaki ta cusa ambulan ɗin cikin tsohon littafin lissafi, ta tura ƙarƙashin katifa.

Da yamma ta gaya wa iyayenta tana cikin masu jira. Baba ya ɗago daga kan keke, zare a bakinsa.

"Ta biyun fa, Auta?"

"Ba su ce komai ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗinki. Bai taɓa kama ta da ƙarya ba, don haka bai sake tambaya ba.

Mako biyu suka wuce, har aka shiga na huɗu. Kullum Auta tana bakin ƙofa tana jiran labari. Rannan aka aiko daga tudu cewa gurbi ya cika. Mutum uku kawai aka ɗauka daga cikin masu jira.

Ranar da Doguwa za ta tafi, Auta ta taya ta ɗaukar bokiti da filo zuwa mota. Suka rungumi juna. Motar ta sha kwana, Auta tana tsaye riƙe da murfin bokitin da aka manta.

Daga nan unguwa ta yi mata faɗi. Da safe sai ta ga yara suna wucewa da jakunkuna, ita kuwa tana shago tana sa wa riguna maɓalli. Ta yi kewar ƙarar ƙararrawa. Ta yi kewar ƙurar alli. Har aikin gida da ta tsana, yanzu nema take ido rufe.

Baba ya fara rufe shago yana yawon makarantu. Ko'ina sai a ce masa ya makara. Rana ta biyar ya dawo da la'asar, ya zauna a benci, ya cire takalmi da ƙyar. Ƙafafunsa sun kumbura. Duk da haka ya yi mata murmushi, ya ce kada ta damu, gobe ma zai fita.

Auta ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga katifa, ta ɗauko ambulan ɗin, ta dawo ta durƙusa gabansa.

"Baba, na yi maka ƙarya. Tuntuni aka ba ni."

Baba ya karanta takardar sau biyu. Mama ta yi ta faɗa, tana tambayarta ko ta san wahalar da ta jawo wa mahaifinta. Shi kuwa bai ɗaga murya ba.

"Da kin gaya mini abin da ke ranki, da mun zauna mun yi shawara," ya ce. "Ke kin taɓa ganin makarantar nan da kika raina?"

Ta girgiza kai.

"To, gobe za ki gan ta. Kuma da bakinki za ki yi bayani."

Washegari suka shiga mota, suka haye gada, suka taka da ƙafa kaɗan. Ƙofar makarantar ƙarama ce, fentin allon sunanta ya koɗe. Amma ciki an share tsaf, bishiyoyi sun yi wa azuzuwa inuwa.

Shugabar makarantar dattijuwa ce mai tabarau. Ta saurari Auta har ta gama, ba ta katse ta ba. Sannan ta ce sun riƙe mata gurbin har mako uku, da suka ji shiru suka ba wata yarinya.

"Ita ma ta daɗe tana jira," ta ce. "Ba zan tashe ta daga gadonta ba."

Ta ce tunda sun sha hanya, bari a zagaya da Auta. Wata ɗaliba 'yar aji uku ta kama hannunta. Ta nuna mata ɗakin karatu, inda littattafai suka kai har rufi, kuma kowa yana iya ara. Ta nuna mata lambun da kowane aji yake da kunyarsa ta tumatir. A wani aji, 'yan mata sun zagaye malamarsu suna haɗa waya da batir. Ƙwan lantarki ya kama, suka sa tafi. Ba su fi ashirin da biyar ba, malamar kuma tana kiran kowace da sunanta.

Awaki kam akwai su, guda huɗu, a bayan kicin. Ɗalibai ne suke kiwon su.

Auta ta tsaya a bakin taga tana leƙen 'yan aji ɗaya. A layi na biyu ta ga wata yarinya tana rubutu, ta sunkuyar da kai. Ta ce a ranta wataƙila kujerarta ce waccan. Hawaye suka zubo mata.

Da suka koma ofis, shugabar ta dube ta ta saman tabarau. Ta ce akwai ɗaliba ɗaya da iyayenta za su tashi daga garin a ƙarshen zango. Idan Auta ta yi karatu a gida, ta zo ta ci jarrabawar da 'yan aji ɗaya za su yi, za a ba ta gurbin. Ta ɗauko littattafai uku ta ara mata.

"Wannan karon ba takarda zan ba ki ba," ta ce. "Babanki zan kira da kaina."

Auta ta sunkuyar da kai don kunya.

Wata uku ta yi a gida, kuma sun yi mata tsawo ƙwarai. Baba ya share mata gefen teburin da yake yanka yadi. A nan take karatu daga safe zuwa azahar. Idan lissafi ya gagare ta, sai ta jira yayanta ya dawo daga aiki. Wani lokaci takan rufe littafin, tana tunanin ko tumatirin 'yan aji ɗaya ya nuna.

Ranar jarrabawa ta zo, ta je ta rubuta. Bayan kwana shida wayar Baba ta yi ƙara yana tsakiyar ɗinki. Ya saurara, ya yi godiya, ya ajiye. Sannan ya ce wa Mama ta fara haɗa wa 'yarta kaya.

Auta ta shiga makarantar bayan kogi a zango na biyu. Da farko tana baya, amma malamar lissafi takan zauna da ita bayan an tashi. Kafin shekara ta ƙare ta kamo 'yan ajinsu, ta yi ƙawaye, har aka ba ta kula da ɗakin karatu ranar Laraba.

Ranar ziyara, Baba da Mama suka zo. Ta ja su lungu-lungu tana nuna musu komai, bakinta bai huta ba. Mama ta tambaye ta ko har yanzu tana tunanin tudu.

"Ita ma makaranta ce mai kyau, Mama," ta ce. "Amma nan ce tawa."

Tun daga lokacin Auta ta koyi abu biyu. Ba girman suna ne yake sa makaranta ta yi kyau ba, don haka kada a raina wuri kafin a je a gani. Kuma duk abin da ya dami yaro, ya gaya wa iyayensa gaskiya, kada ya ɓoye.