Sau Arba'in da Sau Goma

Malamar kimiyya ta ce kowa ya kawo hotuna uku ranar Litinin: na fili, na mutum, da na tsuntsu. Za a liƙa mafi kyau a allon makaranta. Wata yarinya 'yar aji shida ta ƙwallafa rai a kan allon nan.

Babanta ya kai ta shagon kyamara. Mai shago ya ajiye ƙanana biyu, ja da baƙa, a kan tebur. An rubuta "sau arba'in" a kwalin ja, "sau goma" a kwalin baƙa.

"Ja nake so, Baba. Ta fi jawo nesa."

"Tsaya ki ji, 'yata," in ji mai shago. "Baƙar da gilashi take jawowa. Jar kuwa..."

"Arba'in ai ta fi goma. Ni ce ta ɗaya a lissafi."

Mai shago ya naɗe mata jar.

Ranar Asabar ta ɗauki hoton tudun bayan gari, ya fito. Ta ɗauki kakarta, ita ma ta fito, ko da yake tsohuwar ta ce an ƙara mata shekara goma.

A bakin tafki ta hango zalɓe can tsallake, tsaye da ƙafa ɗaya. Ta danna har sau arba'in, ta ɗauka. Hoton ya fito dishi-dishi, ba ido, ba baki.

"Wannan tsuntsu ne ko tsumma?" in ji yayanta.

Ta sunkuyar da kai.

"Me mai shago ya ce game da jar?" babanta ya tambaya.

"Bai ƙarasa ba."

"Me ya hana shi?"

"Ni na katse shi, Baba."

Da rana suka koma wurin mai shago. Ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta roƙe shi ya ƙarasa.

"Jar ba ta jawo komai," ya ce. "Tsakiyar hoto take yankowa ta buɗa, sai ya dagule. Goman baƙar kuwa ta gaske ce."

Ya duba jar, babu ƙwarzane, ya musanya mata.

Washegari zalɓen yana nan. A hoton, har ɗigon ruwan bakinsa ana gani. Ranar Litinin malama ta liƙa shi a tsakiyar allo.

Yara, idan wanda ya san abu yana magana, ku bari ya kai aya.