Adakar Hajiya 'Yardada

Tun asuba ake ruwa. Insfekta Bahijja Mikail ta jiƙe har gwiwa kafin ta iso ofis, ko takalmi ba ta cire ba Saje Tanko ya shigo da wata tsohuwa.

"Ranki ya daɗe, Inna Hasana ce, mai wankan gawa a Madabo. Wai ta fara wanka ta ajiye buta."

"Shekara talatin ina wanke mata, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Na san mutuwar barci. Wannan ba ita ba ce. Hajiya 'Yardada leɓenta ya fashe ta ciki, farcenta biyu sun karye. 'Yan kunnen da ba ta rabuwa da su babu su, kunnuwan kuma sun kumbura sun yi kore."

DPO ya saurari rahoton yana duba agogo. Ɗan marigayiyar ya riga ya buga masa waya sau biyu.

"Bahijja, gidan manya ne. An sa jana'iza bayan La'asar. In kika tsare musu gawa kika fito hannu wofi, ba ruwana, ki fara haɗa jakarki ta zuwa ƙauye."

"Na ji, yallaɓai."

Ta ji kam. Shekara shida ke nan tana jin irin wannan, duk aikin da zai ƙona hannu ita ake miƙa wa. Ta haɗiye tsakin da ya taso mata, ta ɗauki hularta.

Lungun bai ɗaukar mota, sai da su ukun suka taka cikin taɓo. Zaure cike yake da dattawa, makara jingine a bango. Alhaji Abdulhakeem, ɗan marigayiyar, ya tare ƙofa da babbar riga.

"Ke 'yar gidan wa ce da za ki hana a suturta uwata?"

"'Yar gidan Malam Mikail na Gwammaja ce, shi ya koya min ba a binne gaskiya da mamaci. Yaushe rabonka da ita?"

"Yau bayan Asuba. Na durƙusa na gaishe ta, tana kan sallaya, ta sa min albarka."

Dattawa suka gyaɗa kai. Bahijja ta rubuta, ta wuce ciki.

Ɗakin ƙarami ne, ƙamshin turaren wuta ya cika shi. An lulluɓe Hajiya a kan tabarma. Bahijja ta yi mata addu'a, ta ɗaga mayafin, ta ga duk abin da Inna Hasana ta faɗa. A bakin gado ga kwanon tuwon dare a rufe, ko yatsa ba a sa ba.

"Da ƙarfe nawa aka gan ta?"

"Takwas," in ji Inna Hasana. "Maƙociya ce ta kawo mata koko. Da na zo jikin ya riga ya sandare kamar itace."

Bahijja ta koma zaure, ta ja Alhaji gefe.

"Wadda ta sa maka albarka da asuba, ta yi awa goma da cikawa a lokacin. Ka sake tunani, ko mu je ofis ka yi tunanin a can."

Alhaji ya dubi dattawa, ya rage murya har sai da ta matso.

"Kwana biyar ban shiga ba. Kasuwa, ga baƙi daga Agadas. To a gaban liman zan ce haka?"

"Minti arba'in ka ci min don kada liman ya ji kunyarka!"

Ta bar shi nan tsaye. Abin da ya fi ƙona mata rai a aikin nan ba masu laifi ba ne. Su ko ba komai suna da dalilin ƙarya.

Tsakar gida mata ne zube a ƙarƙashin rumfa, ruwa na zuba ta indararo. Wata doguwar mace mai jan ido ce ke ta kai da kawo, ta miƙa wa wannan tabarma, ta lallashi waccan.

"Wace ce wannan?"

"Sa'ida dillaliya," in ji Inna Hasana. "'Yar ɗakin Hajiya ce. Ita ma ta kawo likkafani, Allah ya saka mata. Ko da yake ni abin ya dame ni."

"Me ya dame ki?"

"Hajiya tana da nata. Daga Makka ta zo da shi, ta wanke da zamzam, yana cikin adakar can ta ƙarƙashin gado. Ta sha cewa, Hasana, da shi za ki sa ni. Amma Sa'ida ta ce mukulli ya ɓace, kada a ɓata lokaci."

"Banda likkafani me ke ciki?"

"Ai amanar unguwa. Duk mai gwal a lungun nan wurin Hajiya take ajiya, gudun ɓarayi da gudun miji."

Bahijja ta sa Saje Tanko ya yi sallama ya shigo da guduma. Mata suka hau salati. Wata ta ce 'yan sandan yanzu ba su da ta ido, wata ta ce ilimin boko ne ya jawo. Bugu uku kwaɗon ya faɗi.

Likkafanin Makka na sama a ninke. Ƙarƙashinsa ƙulli goma sha shida, kowanne da sunan mai shi a rubutun ajami. Sarƙoƙi, awarwaro, zobba, duk suna walƙiya. Babu wanda ya ɓace.

Saje Tanko ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, ba a saci komai ba. Anya ba mu..."

"Gwal ba ya kumbura kunne, Saje. Je kasuwar Kurmi ka taho min da maƙerin zinare."

An kira Azahar kafin ya dawo. Wayarta ta yi ƙara sau uku, DPO ne, ta ƙi ɗauka. Daga zaure aka aiko cewa an gama haƙa kabari, ruwa na taruwa a ciki.

Malam Ɗahiru maƙeri ya zauna a bakin ƙofa, ya fito da baƙin dutse da 'yar kwalba. Ya goga sarƙa a dutsen, ya ɗiga ruwan. Zanen ya ɓace. Ya ɗauki awarwaro, haka. Zobe, haka.

"Tagulla ce aka shafa wa ruwan gwal," ya ce. "Aikin gwani ne, sak da na gasken. Amma duk ƙullin nan ba zai sai miki akuya ba."

Nan take kuka ya ɓarke a tsakar gida, kuma Bahijja ta lura wannan ya fi na safe fitowa daga zuci.

"Gadon uwata!"

"Wayyo, auren Bushra saura wata biyu!"

"Ashe Hajiya ma..."

"Ki rufe bakinki," Bahijja ta daka mata tsawa. "Matar da kike shirin zagi tana kwance ba a ko suturta ta ba. Ita ma tagullar aka sa mata a kunne. Wa ke taɓa kayan nan banda ita?"

Suka dubi juna. Wata mai goyo ce ta buɗe baki.

"Sai dai wanki. Duk gabanin sallah Sa'ida na karɓa ta kai a wanke mana, ta dawo da shi yana ƙyalli. Kyauta ma, don Allah take yi."

"Kyauta," in ji Bahijja. "Ku goma sha shida, ba wadda ta taɓa tambayar kanta me dillaliya ke ci a kyauta?"

Ta kira Sa'ida cikin ɗaki, ta sa Inna Hasana ta zauna shaida.

"Wa ke wanke miki gwal ɗin?"

"Wani Buzu ne a bakin kasuwa, ranki ya daɗe. In an musanya, shi ne. Ni ma an cuce ni."

"Sunansa?"

"Buzu dai muke ce masa."

"Rabonki da gidan nan?"

"Tun Juma'a."

"Ya aka yi kika ji rasuwar?"

"A lasifikar masallaci, ƙarfe tara. Ko mayafi ban gyara ba na ruga kanti na yanko alawayyo na taho."

"Inna, ƙarfe nawa ta iso?"

"Tara da kwata. Ina haɗa ruwa."

Bahijja ta jawo farin ƙyallen da Sa'ida ta kawo. Ta murza shi tsakanin yatsunta. Laushi. Ta kai hanci.

"Sabon alawayyo ƙandas yake da sitaci. Wannan an wanke shi."

Sa'ida ta ɗaga kai. "Ai ni ba na kai wa mamaci likkafani da dattin kanti. Kowa ya san ni a unguwar nan. Sai na wanke, na shanya, na turara."

"Madalla. Kin ji sanarwa ƙarfe tara. Kin je kanti, kin koma gida, kin wanke yadi goma, kin shanya, ya bushe ƙarau, kin turara, kin iso nan tara da kwata." Ta nuna tsakar gida. "A ruwan nan da ko safata bai bari ta bushe ba tun safe."

Bahijja ta ajiye ƙyallen, ta matso gabanta.

"Daren jiya kika wanke shi. Kin yi wa Hajiya likkafani tun kafin kowa ya san ta mutu. Kwance haɓar zaninki."

Sa'ida ta kwance. Ɗan mukulli ya faɗo, da 'yan kunne guda biyu.

Ta zame ƙasa.

"Shekara huɗu ina yi. Ɗaya bayan ɗaya nake kaiwa a yi min irinsa, na gasken a narke. Nata ne ban taɓa ba sai sallar nan, da ta ce in wanke mata. Kunnen ya fara ruwa. Jiya bayan Magariba ta kira ni, ta ce gobe za ta tara matan, ta kira maƙeri, a buɗe adaka a gabansu. Na durƙusa, na kama ƙafarta. Ta ce da nata ne kaɗai da ta yafe, amma amanar mutane ce."

"Sai?"

"Sai na ɗauki filo."

Inna Hasana ta rufe fuska da mayafi.

"Na so a binne ta ba a buɗe adakar ba, in samu kwana biyu in bar gari. Shi ya sa na ɗauke mukullin, na cire 'yan kunnen don kada a gane. Amma ban iya kawo mata ƙyalle mai datti ba. Ta riƙe ni kamar 'ya."

"Ba ki ji tsoron wani ya shigo ba?"

"Wa zai shigo? Na zauna gefenta har aka idar da Isha'i. Na san ba mai leƙowa."

Bahijja ta sa mata ankwa da kanta. Ta buga wa likitan 'yan sanda ya zo ya duba gawar a nan, don kada a wuce La'asar. Sannan ta ɗauki kiran DPO, ta faɗa masa a jimla uku, ta kashe yana tsakiyar cewa dama ya san za ta iya.

Suka ratsa tsakar gida. Mata suka yi ca, mai tofin Allah tsine na yi, mai tambayar ina sarƙarta na yi. Sa'ida ba ta ɗaga kai ba.

A zaure Alhaji Abdulhakeem ya sha gabanta. Ashe yana bayan labule, ya ji komai. Babbar rigar ta yi masa yawa.

"Insfekta... da na shiga jiya da Magariba..."

Dattawa suka zuba mata ido, suna jiran ta ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Ta san kalmomin, a bakinta ma suke.

"Taku goma sha biyu ne daga nan zuwa ɗakinta, Alhaji. Na ƙirga."

Ta tasa Sa'ida gaba, suka fita cikin ruwan.