Ciki da Falo a Kan Albashin Dogo

Ranar da Dogo ya shiga shagon hoton takardu, cike yake da murna. Takardar ɗaukar aiki ya kawo, an ba shi akawu a wani kamfanin rarraba magunguna. Budurwar da ke kan injin, wadda kowa ke kira Auta, ta karɓa, idonta ya faɗa kan albashin da aka rubuta. Ta ɗago ta dube shi ta ce Allah ya sanya albarka. Kwafi biyu yake bukata, amma ya ce ta yi goma, don kawai ya daɗe a tsaye.

Ba a jima ba ya zama "Dogona", ita kuma "Sanyin idona".

Mahaifin Auta kafinta ne, mutum mai zafi, wanda a ɗaki ɗaya ya raini 'ya'yansa duka, kullum da asuba ana layin banɗaki da maƙwabta. Ya ce shi bai damu da kyan fuska ba, sharaɗinsa ɗaya: ciki da falo, banɗaki a ciki. Dogo ya bugi ƙirji ya ce an gama. Ai sun riga sun raba albashin nan a baki shi da Auta, har da na labule. Abin tausayi, a danginsa da nata kaf babu wanda ya taɓa cin albashi, balle ya faɗa musu abin da ke takarda daban, abin da ke shiga aljihu daban.

Sai da ya yi wata uku kafin a fara biyansa. Ranar da saƙon banki ya shigo, zufa ta karyo masa. An cire haraji, an cire fansho, an cire na ƙungiya, har da wani wai asusun gidaje, daga mutumin da ko ɗaki ba shi da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Ya shiga gari neman haya kamar zai yi hauka. Duk inda ya je kuɗin shekara ake so a dunƙule, ga la'adar dillali. Ɗakin da zai iya biya kuwa, ko kaza ba za ka ajiye a ciki ba. Ya daina hawa mota, ya daina cin abincin rana, takalminsa ya buɗe baki. Ana haka sai wani dillalin gidaje mai mota ya aika wa mahaifin Auta cewa shi ma yana ciki, kuma gidaje sai wanda ta zaɓa.

Kunya ta sa Dogo ya daina ɗaga waya. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, a zatonta ya samu wata a ofis. Ta rubuta masa: "Dogona, in ka fasa ka faɗa mini. Baba ya ba dillali ranar zuwa gaisuwa. Wallahi ba na iya barci."

Ya amsa: "Sanyin idona, ban fasa ba. Albashina ne bai kai ba. Tsoro nake ji in rasa ki."

Ita ce ta samo mafita, a bakin wata mai kawo takardu shagonsu. Can ƙarshen gari, inda mota ke juyawa, wata tsohuwa tana da ciki da falo da ba a ƙarasa ba. Akwai banɗaki, amma babu ƙofa, babu taga. Ta yarda a riƙa biyanta wata-wata.

Dogo ya je ya durƙusa gaban kafinta ya faɗi gaskiya duka, har ya nuna masa saƙon bankin, ya kuma ba shi labarin ɗakin da suka samo. Tsoho ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce zai je ya gani da idonsa don kada a ce ya hana ba dalili. Da suka isa, ya tsaya a bakin ɗakin, iska na shiga tana fita. Ya leƙa banɗaki, ya buɗe famfo, ruwa ya zubo. Ya daɗe yana kallon ruwan nan. Daga nan ya zaro abin awo daga aljihu.

"Kai, riƙe mini nan," ya ce wa Dogo. "Ka tsaya kana kallona kamar gunki."

Aka ba dillali haƙuri, aka ɗaura aure. Har yau albashin bai ƙaru ba, kuma Dogo tun duhu yake fita don ya isa ofis a kan lokaci. Amma ranar da amarya ta tare, tsoho da kansa ya damƙa musu makullin ƙofar da ya yi musu.

"Ɗakin na tsohuwa ne, amma ƙofar nan taku ce. Duk ranar da haya ta kore ku, ku cire abarku ku tafi da ita. Allah ya ba ku inda za ku kafa ta ba sauran cirewa."

Auta ta fashe da kuka, Dogo ya ce amin, ya sake cewa amin.