Sunanta a Takardar Gawa

Ranar Laraba ce da tsakar rana, lokacin da ko awaki sun fake a gindin katanga, wata budurwa ta yi sallama a ƙofar ofishin Muktar. Ɗaki ɗaya ne a bakin tashar Bagudo, inda yake yi wa ɗalibai masu fita waje karatu inshorar tafiya da ta lafiya. Bai ji takunta ba. Ɗago kai kawai ya yi ya ganta tsaye cikin hijabi ruwan toka, riƙe da farar ambulan.

"Daga Illo nake," ta ce. "Na samu gurbin karatun jinya a Parakou, can Jamhuriyar Benin. An ce sai da inshora."

Ya nuna mata kujera, ya kama bayani yana satar kallonta. Muryarta a sanyaye take, idanunta manya, irin waɗanda suka sha kuka suka huce. Ya gaya mata in ta kwanta ciwo a can kamfani zai ɗauki nauyin asibiti, in hatsari ya same ta a hanya ma haka. Da ya zo layin ƙarshe ya sassauta murya, kamar yadda ya saba.

"In kuma Allah ya yi wa mutum cikawa a can, su za su maido shi gida."

"Wannan na san shi," ta ce.

Ya shigar da sunanta a kwamfuta: Najiba Badamasi Illo, da ranar haihuwa. Sai jan rubutu ya fito. Mai wannan suna ta yi rajista shekara uku da suka wuce. An rufe fayil ɗinta. Ta rasu a Parakou, an maido gawarta ta iyakar Tsamiya. A gefe ga hoto, kuma fuskar da ke zaune gabansa ce.

Gashin jikin Muktar ya miƙe. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya saci kallon ƙafafunta a ƙarƙashin tebur. Suna nan bisa ƙasa, har da ƙurar hanya a silifas.

"Sabis ya ɗauke," ya ce da ƙyar. "Bar mini lambarki, zan neme ki."

Ta karanto, yana bin allon da ido. Lamba bayan lamba, ita ce wadda ke cikin fayil ɗin mamaciyar.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

"Malam Muktar, Najiba ce, a allon ofishinka na ga lambarka. Na ga kamar ka tsorata da ni ɗazu. In na yi wani laifi ka yi haƙuri."

Sai da ya karanta Ayatul Kursiyyu sannan ya amsa: "Ba ki yi komai ba. Kin isa gida lafiya?"

Daga ranar saƙo bai yanke ba. Kullum ya ce yau zai gaya mata, kullum ya kasa. Ta ba shi labarin yadda ta yi shekaru tana jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi abinsa, daga nan ta ƙudura sai ta zama nas. Ya soma kiranta Nas ɗina, ita kuma ta raɗa masa Malam Inshora.

"Malam Inshora, zuciya fa, kuna yi mata inshora?"

"Tawa ta riga ta yi hatsari a ofis ranar Laraba, Nas ɗina. Kamfani ya ce ba ruwansa."

"To kawo ta asibitina, kyauta zan duba."

Yakan yi murmushi, sai ya tuna jan rubutun, murmushin ya daskare.

A mako na uku ya hau mashin ya tafi Illo ba tare da ya sanar da ita ba. Ya zarce maƙabarta, ya tambayi tsohon da ke gadinta ko gidan Alhaji Badamasi, mahaifinta, sun yi rashin budurwa shekara uku baya. Tsohon ya nuna masa wani kabari da ciyawa ta rufe.

"Ga ta nan. Da mota aka kawo ta daga Benin."

Muktar ya tsaya a kan kabarin, rana na dukansa amma sanyi yake ji. A daidai lokacin saƙo ya shigo: "Ka ci abinci kuwa?"

Bai san akwai mai kallonsa ba. Ɗanmusa, dillalin da ke sama wa yaran yankin gurbin karatu a tsallaken iyaka, wanda ya daɗe yana neman auren Najiba tana ƙi, ya gan shi daga bakin hanya. Kafin magariba magana ta kai gidan su Najiba: yaron Bagudo na yawo gari yana tambaya ko ɗiyar Alhaji fatalwa ce.

Da dare saƙonta ya shigo: "Ashe haka ka ɗauke ni? Har maƙabarta? Kada ka sake nemana."

Kwana biyu yana kira ba ta ɗauka. A na uku ya buga fayil ɗin a takarda, ya je ya yi sallama a ƙofar gidansu. Ta fito zaure, ta tsaya nesa da shi.

"Na yi kuskure da na ɓoye miki," ya ce. "Dubi wannan, in kin ce in tafi zan tafi."

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Yaya Sailuba ce," ta ce. "Dubi tabon girarta, ni ban da shi. Shekara ɗaya ta girme ni, har Inna kan rikita mu. Zazzaɓi ya kashe ta a can. Wayarta ta dawo cikin kayanta, layinta nake riƙe da shi." Ta kai yatsa kan sunan. "Amma wannan sunana ne. Muktar, ashe shekara uku ina mace ban sani ba?"

"A takarda kawai," ya ce. "Amma muddin ba a gyara ba, ba kamfanin da zai yi miki inshora. In kika kwanta ciwo a can, ba a biya wa mamaci asibiti."

Gyaran murya suka ji. Alhaji Badamasi ne tsaye a ƙofar cikin gida, dattijo mai fataucin shinkafa, idonsa a kan takardar.

"Kai yaro, wa yas sa ka tone-tone? Hita min gida. Ɗiyata ba ta zuwa ko'ina, kuma ba ni ba ka ita."

Muktar ya durƙusa. "Baba, ba tonon asiri na zo yi ba. Aurenta nake so."

"Na ce hita!"

Washegari Ɗanmusa ya zo da tasa dabara. A gaban Alhaji ya ce abin ai mai sauƙi ne. Tunda a takarda Sailuba na raye, Najiba ta yi tafiya da sunan yayarta, shi zai haɗa komai, ba mai ji ba mai gani. Najiba ta ji kamar an watsa mata ruwan randa a baya. Ta dubi mahaifinta.

"Baba, in amsa sunan wadda ke kwance? In na mutu a can, wa za a ce ya mutu?"

Dattijon ya sallami Ɗanmusa, ya shige ɗaki, yini guda bai ci komai ba. Da safe ya aika a kira Muktar.

Ya zaunar da su biyun a zaure, ya yi magana kansa a sunkuye. Sailuba ba ta ci jarrabawa ba, ta Najiba kuwa ta yi kyau, amma tana gida tana jinya. Ɗanmusa ya ce a ba Sailuba takardun ƙanwar ta tafi karatu da su, ai kamarsu ɗaya. Shi kuma ya yarda.

"Ran da mota tak kawo ta Tsamiya, ma'aikaci ya karanto takarda, yac ce, wagga ɗiyarka ce Najiba? Nic ce i, ita ce." Ya ɗago ya dubi Najiba. "Da bakina na amsa mutuwar mai rai. Tun rannan in na ji an kira sunanki cikin gida sai gabana ya faɗi. Shi yas sa ban son ki bi hanyar nan."

Najiba ta matso ta dafa gwiwarsa, su duka biyu suna kuka.

"Baba, ana gyarawa," in ji Muktar. "Amma sai an faɗi gaskiya a kotu, an yi rantsuwa. Ni ma dole in kai rahoto ofishinmu. Ban san abin da za su yanke ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce da sauƙi ba."

"Ko ɗaure ni za a yi, mu tai," dattijon ya ce.

Wata biyu aka yi ana kai da kawowa tsakanin Bagudo da Birnin Kebbi. Alhaji ya sha tambayoyi da faɗa, ya ɗauki hukuncin da aka ɗora masa bai yi gardama ba. Muktar ma an dakatar da shi mako biyu don ya yi jinkirin kai rahoto. Ɗanmusa kuwa, da ya ji ana nemansa, ya tsallaka iyaka, ba a sake ganinsa ba. Jami'a ta ɗaga wa Najiba shiga zuwa zango na gaba.

Ranar da gyaran ya fito, Muktar ya tura mata saƙo: "Nas ɗina, an mayar wa Yaya Sailuba sunanta, Allah ya jiƙanta. Ke kuma na buɗe miki sabon fayil. Saura layi ɗaya: wa za a kira in wani abu ya faru?"

"Ka bar shi tukuna. Baba ya ce iyayenka su zo ranar Asabar. Bayan nan ka san abin da za ka rubuta."

An ɗaura auren a masallacin Juma'a na Illo, sati uku kafin tafiyarta. Da za a kai amarya, Alhaji Badamasi ya sa aka shigo da ango har tsakar gida, abin da ba a saba ba. Ya kama hannun ɗiyarsa ya sa a na Muktar, ya riƙe su tare.

"Biyu Allah yab ba ni. Guda ta riga mu. Wagga kuwa ga ta, ka bar ta ta yi karatunta, ka riƙa leƙa ta. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai faɗin gaskiya."

Mata suka rangaɗa guɗa. Daga cikin mayafi Najiba ta matse yatsun mijinta, ta ce amin a hankali, shi kaɗai ya ji.