Igiyar Kwandon Kaka

Wayyo daɗi, yau dai Kaka ta shirya da Autarmu!

Tsaya ki ji. Kin san Kaka a saman bene take, ciwon gwiwa ya hana ta sauka. Tana da wani kwando mai doguwar igiya a bakin taga. Marigayi kakanmu ne ya tufka igiyar da hannunsa. Da muna ƙanana, sai mu tsaya a ƙasa mu ɗaga kai, kwando ya sauko mana da alewa. Har yanzu a cikinsa mai shagon ƙasa yake aika mata sabulu da ashana.

To, ran nan malamin kimiyya ya ba su Auta labarin lif, wato akwatin nan mai hawa da mutane dogon bene, amma mai zuwa sararin samaniya. Ya ɗaura dutse a zare, ya yi ta wulwula shi.

"Kun ga zaren ya miƙe? Duniya ma juyawa take yi. In aka sami igiya mai tsawo da ƙarfi, aka sa mata nauyi a can ƙarshe, lif zai bi ta har inda tauraron ɗan'adam yake. Ba sai da roka ba. Igiyar ce dai ba a samu ba tukuna."

Auta ta ce a ranta, ai mu muna da ita a gida!

Ta jira Kaka ta kishingiɗa, ta sa almakashi ta datse rabi, wai za ta haɗa nata lif ɗin don baje kolin makaranta.

Washegari Kaka ta zura kwando. Ya tsaya a rabin hanya yana lilo. Mai shago ya yi ta tsalle.

"Kaka, igiyar ce ta gajarce ko ni ne?"

Kaka ta janye kwandonta, ta dubi wurin yankan. Ba ta yi faɗa ba. Ta rufe taga kawai.

Auta ta kasa cin abinci, har ta gaya wa Mama abin da ta yi. Mama ta ce, "Ke kika ɗauko, ke za ki mayar."

Yau Auta ta hau da rabin igiyar ta durƙusa. "Kaka, ni ce. Ki yafe mini."

"Ja'ira! Za ki sama, ki bar ni ba sabulu?" Sai muryarta ta yi sanyi. "Kakanku yana zaune nan inda kike ya tufka ta. Ita ce ta rage mini."

Auta ta fashe da kuka.

"Share hawaye, miƙo ɗaya bakin igiyar."

Kaka ta warware bakunan biyu, ta nuna mata yadda ake saƙa su su koma ɗaya. Auta ta ce daga yau ba ta ƙara taɓa abin wani sai ta tambaya, don ba ta san darajarsa a wurin mai shi ba.

Kuma kin san me? Kaka ta ce ranar baje koli za ta ara mata kwandon da igiyar duka, har a riƙo ta ta sauko ta je ta gani! Amma don Allah kada ki gaya wa kowa tukuna, ko malam bai sani ba.