Lambar Femke Ta Rabu

A wurin ajiye kekuna na jami'a Jorrit ya fara ganin Femke, ana yayyafi, sarƙar kekenta ta zame. Kafin ya gama gyarawa ta ba shi labarin lambarta, wata doguwa mai alƙaluma ɗari shida. Shekara huɗu take ƙoƙarin tabbatar da cewa babu lambar da ke raba ta daidai, sai ɗaya da ita kanta.

"To ni ina zan samu wuri?" in ji shi.

"Bayan ta ɗari shida, Bakanike."

Sunan ya bi shi, so ya kama su. Amma Maman Femke ba ta yarda da shi ba.

"Shi ma lissafi yake yi, fanninku ɗaya. Ki kula, 'yata. Irinsu murmushi suke yi suna jiran ki faɗi."

Duk da haka shi Femke ta zaɓa cikin mutum biyun da za su tsaya bayanta ranar kare digirinta. An buga littafin bincikenta, an raba wa malamai da dangi.

Saura kwana tara saƙonsa ya shigo.

"Zumata, na sa kwamfuta ta gwada don hankalina ya kwanta. Lambar ta rabu. Na maimaita sau uku. Ki gafarce ni."

Femke ta gwada da kanta. Ta rabu, babu saura. Ta kira shi a waya.

"Wa ya aike ka? Ashe Mama ta yi gaskiya."

"Gara ki ji daga bakina. Ban faɗa wa kowa ba."

Ta kashe wayar. Kwana takwas wayarsa shiru, zoben neman aurenta da ya saya yana aljihun rigar ruwansa.

Ranar kare digirin ya zo cikin baƙar kwat, ya tsaya bayanta. Ba ta waiwayo ba. Malamai suka shigo a jere cikin baƙaƙen riguna, zauren ya yi tsit. Wani tsoho a cikinsu ya buɗe littafin, yatsansa a kan babin ƙarshe.

Femke ta riga shi.

"Ranka ya daɗe, babin nan kuskure ne. Ga lambar da ke raba ta, ga inda na kauce. Sauran babi biyar ɗin ina nan a kansu."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ya zaro takardar da ya rubuta kuskuren a kai daga littafin, ya ninke, ya sa a aljihu.

Sun jima suna shawara kafin su ba ta digirin.

A bakin ƙofa Mama ta tare Jorrit, idonta jajur.

"Ka ci abinci kuwa? Dubi yadda ka rame."

Femke ta kama hannun kwat ɗinsa.

"Har yanzu ina fushi, Bakanike."

"Ki ƙarasa fushin a gidanmu."

Da bazara aka ɗaura auren a zauren gari. Mama ce ta sa hannu a matsayin shaida, ta riƙe kawunansu ta sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya.